Mallawa: Itace da Fata Sun Haɗu a Kujera

Mai zuwa Mallawa daga Damagaram sai ya bi hanyar Magarya, sannan ya yi gabas ta Dungas. Ƙasar yashi ce, kusa da iyakar Najeriya. Da can tana cikin yankin Magarya. A shekarar 2011 aka ba Dungas yankinta, Mallawa ta koma ƙarƙashinta. Manoma suna shuka hatsi da dawa da wake da gujiya. Fulani suna kiwon shanu da tumaki da awaki.

Abin da baƙo zai fara gani shi ne gawo, gona bayan gona. An ce Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saransa, da hukunci mai tsanani. Bayan farin 1984, manoman wannan ƙasa suka riƙa barin tohon gawo yana girma. Dalili a fili yake: da damina yana zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma bisashe su ci 'ya'yansa.

A gidajen ƙauye, kayan zama aikin hannu ne. Masassaƙi yana fitar da kujerar mata daga gungume ɗaya, da gizago, ba ƙusa ko ɗaya. Majemi yana jiƙa fata cikin ruwan toka don gashi ya fita, sannan ya sa ta cikin ruwan bagaruwa. Baduku ya rina ta ja da karan dafi, ya ɗinka matashi ko tumtum. Tsoho kuwa buzunsa ya ishe shi.

A yammacin Amurka ma, ƙasar masu kiwon shanu bisa dawakai, ana yin kujeru da gadaje da kakkauran itace da fatar sa, wani lokaci har da gashinta. Masu kuɗi suna saye da tsada. Asalin aikin ba wani asiri ba ne. A tsaga ƙirgi siri-siri, a jiƙa shi, a saƙa bisa itace. In ya bushe sai ya ɗame da kansa, ya yi tauri. Masassaƙi da baduku na ƙasar Dungas, in sun haɗa hannu, ba abin da zai gagare su a nan.

Amma fata tana lalacewa tun ba ta kai hannun majemi ba. Lalas ko shaidar wuta a tsakiyar jikin sa tabo ne da ba ya fita. A ƙafa ya kamata a yi ta. Mahauci mai gaggawa yana huda fata da tsinin wuƙa. Wanda ya shanya ta a ƙasa, cikin rana, samanta ya bushe, cikinta ya ruɓe. A inuwa ake shanya, a miƙe, iska tana bi gaba da baya. Ƙiraga da yawa kuma suna tsallaka iyaka, a babbake su a ci ganda, majemi ya rasa abin aiki.

Itace ma yana da tasa matsala. Ƙirya ce mai ƙarko, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma turmi da gawayin maƙera sun rage ta, ga ta da jinkirin girma. Dokar daji ta 2004 ta hana saran irin waɗannan itatuwa sai da izini. Mai son gungume ɗaya sai ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji, kafin ya ɗauki gatari.