Harshen Dare

A makarantar horar da malamai inda na yi karatu, jim kaɗan bayan Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, Faransanci ne harshen rana, Hausa kuwa sai da dare. Wanda ya yi suɓutar baki a aji, horo ne rabonsa. Amma da an kashe fitilu, ɗakin kwana ya zama dandali: Bagobiri ya ja tatsuniya, Ba'adare ya ƙure Badamagare da kacici-kacici, a yi ta musun wa ya fi iya Hausa. Nan kunnena ya fara rarrabe kare-karen harshenmu. Da aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, guzurin daren nan ne ya fisshe ni kunya a gaban allo.