Daga Ƙofar Ruwa zuwa Ƙofar Na'isa: Lissafin Gini a Cikin Badala

Mai son sanin abin da gini ke ci a Kano, to ya fara da Kasuwar Ƙofar Ruwa da hantsi. Ƙarar rodi ce za ta tarbe shi, ana sauke shi daga tirela, ana lanƙwasa shi biyu don ya hau kura. Ga kwanon rufi bandir-bandir, ga fenti, ga bututun ruwa jibge a bakin shaguna. A nan na sadu da jagorana, mai ƙididdigar gini, wanda birkiloli ke kira Kwantiti. Littafi a hammata, tef a aljihu, yana bi shago-shago yana tambayar farashi, ba ya sayen komai.

Sana'arsa ita ce ya san kuɗin gini tun ba a sari ƙasa ba. Yakan ɗauki zanen gida ya warware shi gaɓa-gaɓa: haƙan tushe, kankare, bulo, filasta, rufi, ƙofofi. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 murabba'in mita 30 ne. Kowane murabba'i na cin bulo 10, ke nan 300, sai a cire gurbin ƙofa da taga, a ƙara na fashewa. Kankare mai haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowane kubik mita na shan buhu shida da 'yan kai. Haka zai bi komai, ya ɗora ladan ma'aikata da ribar ɗan kwangila, ya fitar da takardar ƙiyasi. In aiki ya kankama, shi ne zai zo ya auna abin da aka yi kafin a biya. Ƙungiyar masu wannan sana'a a Nijeriya ta kafu a 1969, hukumar yi musu rajista kuma a 1986, yanzu har a Jami'ar Bayero ana koyar da ita.

Awo ba ya canzawa, farashi ne ba ya zama wuri ɗaya. Buhun siminti mai kilo 50 da ake saye wajen naira 5,000 a 2023, ya haura 10,000 a farkon 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira. Manyan masu simintin ƙasar nan biyu, Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u, Kanawa ne, amma simintin daga nesa yake zuwa, daga irin su Obajana da Sakkwato, kuɗin mota kuwa a kan mai gida yake ƙarewa. Shi ya sa jagorana ba ya ba da takarda sai da kwanan wata, da sharaɗin abin da za a yi in kasuwa ta motsa.

Daga nan muka gangaro ta gindin Dala, muka nufi Kurmi. Muna barin kwalta lissafin makaranta ya fara gazawa. Lungunan cikin gari an yi su ne don mai ƙafa da jaki. Tifa ba ta shiga. A bakin titi take juye yashi, sai 'yan baro su yi ta jigila, wani wurin ma sai da kwano a ka. Wannan dako kuɗi ne, kuma babu shi a zane. Gidan da muka tsaya a ƙofarsa na gado ne, an raba, wani magajin na son rushe rabonsa ya ɗora bene. Bangonsa na gabas na haɗaka ne da maƙwabci, in aka taɓa shi ba tokari sai ɗakin wani ya zube. Ƙasar da za a haƙa kuwa ba a san cikinta ba. Birnin cike yake da tsofaffin kududdufai da aka cike da shara aka yi gini a kai, ga tsohuwar rijiya ko masai da ka iya bayyana a tsakiyar tushe. Dole a ware wani kaso na ko-ta-kwana.

Mai gidan ya duba jimla ya girgiza kai, ya ce birkilansa ya yi masa jinga a ƙasa da haka nesa. Jagorana bai yi musu ba, ya ce, "Alhaji, a tambaye shi rodi nawa ya sa a dakin." A nan rahusar take ɓuya: a rage rodi, a tsawaita siminti, a buga bulo mai yawa daga buhu ɗaya. Araha ba ta ado, balle ta ɗauki bene.

Da muka isa Gidan Makama, kusa da fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15, sai na ga magabata ma da nasu lissafin. Maginin gargajiya da kamu da taki da gaba yake awo. Ya san azara, wato tsagin giginya, ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazara ta wuce kamar mita biyu, don haka in ana son soro mai faɗi sai a ɗaura baka, a yi ɗaurin guga. Ya san bango kan yi kauri a gindi ya sirance a sama, ya san tubali nawa zai ci, da jakai nawa za su kawo ƙasa. Shafen waje na makuba ne ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina irin ta Ƙofar Mata. Sarkin Gini ke shugabantar sana'ar, har yau kuma akwai Unguwar Gini a cikin gari. Sai dai duk wannan ilimi a ka yake, daga uba zuwa ɗa.

Nan gizo ke saƙa. Hukuma ba ta sakin kuɗi sai da takardar ƙiyasi, takardar kuwa bulo da kankare ta fi sani. Farashin murabba'in bulo kowane ɗan kwangila zai faɗa maka a tsaye. Na tubali, ko na yaɓen da ginin ƙasa ke buƙata bayan kowace damina, sai an nemo tsohon magini an zauna da shi.

Sakamakon yana bayyane a Ƙofar Na'isa, inda muka ƙare. A 2010 aka rushe tsohuwar ƙofar don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa da siminti. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma a ƙarni na 12, wadda ta shiga jerin wucin-gadi na UNESCO a 2007, yanzu wani wurin tudu ce kawai, wani wurin shaguna sun haye ta. Kowa na cewa a gyara, amma gyara ba ya shiga kasafi sai an ce mita kaza, naira kaza, duk shekara. Tsofaffin maginan da za su faɗi wannan adadi suna nan da sauran ƙarfinsu, masu tef da littafi ma suna nan. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan tabarma ɗaya, a rubuta farashin tubali da azara da laso yadda aka rubuta na bulo.