Haƙƙin da Ba Ya Cikin Takarda

Daɗewa a duniya tana koya wa mutum cewa gini iri biyu ne. Akwai na mai shi kaɗai, akwai kuma wanda jama'a suka daɗe suna haɗuwa a cikinsa har suka sami haƙƙi a kansa, ko da babu sunansu a takardar mallaka. Mashayar Carlton Tavern da ke yankin Kilburn a birnin Landan tana cikin kashi na biyu. An gina ta a farkon shekarun 1920, a gurbin wata da bam ɗin Jamus ya rusa a 1918, kuma da aka yi wa Landan ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, ita kaɗai ta tsira a layinta. Abin da yaƙi ya bari, kwaɗayi ne ya kayar da shi. A watan Afrilun 2015, kamfanin da ya saye ta, bayan an hana shi izinin gina bene na gidajen kwana a wurin, ya turo motocin rusau ba da yardar kowa ba. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, ƙaramar hukumar Westminster kuma ta umarci kamfanin ya mayar da ginin yadda yake. Ya ɗaukaka ƙara, ya sha kaye a 2016, aka sake buɗe mashayar a Afrilun 2021.

Wani zai ce ai gidan giya ne, mene ne abin kuka? Haramcin giya a wurin Musulmi ba abin gardama ba ne. Sai dai a Ingila mashayar unguwa ita ce majalisa: nan dattijon da ba shi da kowa ke samun abokin hira, nan ake zama bayan jana'iza. Wannan zumuncin aka kare. Wani kuma zai ce mai dukiya yana da ikon yin abin da ya ga dama da kayansa, a ci shi tara ya wadatar. To, tara ba ta tsorata wanda ribarsa ta ninka ta. Zai lissafa ta cikin kuɗin aiki ne kawai. Tilasta masa sake ginin shi ya hana laifin zama ciniki mai riba. A 2017 aka gyara dokar Ingila, rusa mashaya ya koma sai da izini. Duk wanda ya sayi wurin taruwar jama'a, ya sani har da amanarsu ya saya.