Kwana uku a Fau, tare da tsohon maharbi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Wad Madani ta nufi Gadarif, a gabashin Sudan, zai yi ta ratsa fili shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, baƙar ƙasa mai danƙo, har idonsa ya gaji da neman abin da zai sauka a kai. Can sai wasu duwatsu su taso masa a gaba, su kaɗai a tsakiyar sarari. A gindinsu garin Fau yake. Na sauka nan cikin watan Oktoba na 2018, na kai ziyara ga dangin mahaifiyata, waɗanda kakanninsu suka baro ƙasar Hausa da niyyar hajji a ƙasa, guzuri ya yanke musu a hanya, suka tsaya noma, har zama ya kama su. Irinsu suna da yawa a wannan yanki, balle bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jawo jama'a gabas, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar.

Baƙon da ya fito daga Damagaram ba zai ji baƙunci sosai ba, don kusan a layi ɗaya garuruwan biyu suke. Ga aduwa, ga dakwara mai ƙaro, ga dushe. Damina ce suke kira "kharif", ƙarshenta kuwa, da dawa ta nuna, suna ce masa "darat", watau kakarmu ke nan. A wannan lokaci na iske kawun mahaifiyata, dattijo wanda ya haura tamanin, da burtunsa rataye a bangon ɗaki: kan tsuntsun nan ne da maharba ke ɗaurawa a goshi, su duƙa su yi ta tsattsaga ƙasa kamar burtu na kiwo, har su kusanci nama. Na tsokane shi yadda jika ke tsokanar kakansa, na ce, "Kaka, wannan kuma tsoratar da yara ake yi da shi?" Ya ce, "Kai dai ɗan birni, gobe ka tashi da asuba in kana da ƙafa."

Da muka yi sallar asuba muka kama hanyar kudu, wajen kogin Rahad, shi a kan jaki ni a ƙasa. Babu baka babu bindiga, sai sanda da gora. Tafiya yake yana nuna mini wurare da bakin sandarsa, kamar mai nuna kufan gidan iyayensa. A cewarsa, duk shekara idan ruwa ya ɗauke, ciyawa ta kai ƙugu, sai mazan namun daji su canza hali, kuma maharbin kirki yakan yi kwanaki yana kallo kawai, bai ɗana kibiya ba. Namijin barewa yakan zaɓi wani fili ya ce nasa ne. Yakan tara kashinsa a wuri guda kullum, ya tona ƙasa da kofato, ya goga gefen idonsa a tsinken ciyawa ya bar wani baƙin maiƙo mai wari, don kowane namiji ya san akwai mai wuri. In wani ya ƙetare iyaka, ba nan take suke gwabzawa ba. Sai su jera suna tafiya a hankali, wuya a miƙe, kowa na auna ɗan'uwansa, kuma sau da yawa ɗaya ya juya ya tafi ba a haɗa ƙaho ba. In kuwa aka haɗa, ana jin ƙarar daga nesa kamar ana buga sanduna.

Amma wanda ya fi so shi ne kwanta-rafi, mai kwanciya cikin ciyawar fadama har ka kusa taka shi. Macen ba ta da ƙaho, namijin wannan ƙasa kuwa nasa dogaye ne, sirara, sun buɗe waje. Shi ba ya shafa wari a ciyawa, fito yake yi, mai kaifi, ta hanci, musamman da dare. Dattijon ya tsayar da jaki ya kwaikwaya mini, har wata mata da ke wucewa da itace a ka ta waiwayo. Ya ce ta wannan fito mahaifinsa ke ƙirga maza nawa ke cikin fadama ba tare da ya ga ko ɗaya ba. Cikin kwanta-rafi wata bakwai ne da ƴan kai, saboda haka a lissafinsu wadda aka barbara da kaka za ta sauke ne daidai faɗuwar ruwa, ɗan ya tarar da ɗanyen haki.

Wannan ya tuna mini da Faransa, inda mutane ke fita daji daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba don su ji rurin wata dabba dangin barewa mai ƙaho kamar rassan itace, wadda suke kira cerf. Can gajartar rana ce ke tayar da mazan a lokaci guda. A ƙasashenmu rana ba ta gajarta haka, barewa kan haihu a kowane wata, ruwa da ciyawa ne ke sa abin ya yi yawa ko ya ragu.

Na ce, "To Kaka, ai lokacin ne nama ya fi sauƙin samu." Ya ce ƙwarai kuwa, namiji mai tsaron fili ba ya cin kirki, ba ya kula da iska, yaro ma sai ya harbe shi, kuma don haka ne mahaifinsa ya hana. Mai fili ba a taɓa shi sai ya gama aikinsa. Samarin mazan da aka kora, masu yawo a garke can gefe, su ake ɗauka, ɗaya ya ishi gida. Ni dai ban ce dukan maharban da haka suke ba, mutum ne. Amma ko mai zarin cikinsu da ƙafa yake tafiya, kibiya ɗaya yake saki, ba kamar waɗanda suka zo daga baya da mota da fitila da dare ba.

Duk da haka, ba harbi kaɗai ya share dajin ba. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman dawa da tarakta a Gadambaliya, kusa da Gadarif, gonakin suka yi ta cin daji shekara bayan shekara. A 1977 aka buɗe aikin noman rani na Rahad, mai hedkwata a nan Fau, fadan wajen 300,000 na auduga da gyaɗa da dawa, da ruwan da ake jawowa daga Shuɗin Nilu. Dubban iyalai sun ci abinci da shi, har da dangina, ba zan zage shi ba. Sai dai akwai abin da ba a lissafa ba. Gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935 a kudu, mazaunin rani ne. Da damina namun kan bar shi su hau filayen da ke kewaye, inda ƙasa ba ta cika jiƙa ba. Da aka nome filayen, sai suka rasa wurin zuwa. Babbar barewar nan mai farin gindi da ake kira "aryal", wadda a da ake gani garke-garke, ta ɓace daga Dindir wajen 1970.

Mun yi yini muna yawo tsakanin gonaki da magudanan ruwa. Sau ɗaya dattijon ya sauka daga jaki da sauri, ya tsuguna kan wani tarin kashi a gindin aduwa, ya murje ɗaya a yatsa, ya sansana. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya kaɗe hannu, ya ce, "Akuya ce."

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya iso har ƙofar Fau bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban wannan shekara, garin ya zama bakin daga har zuwa Janairun 2025 da soja suka karɓe Madani. Dangina sun yi gudun hijira zuwa Gadarif, can dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da muka yi waya da jikarsa na tambaye ta burtun. Ta ce a ranar da za su fita an hana kowa ɗaukar abin da ya wuce ƙunshi ɗaya, shi kuwa ya cire bargonsa ya sa burtun a ciki, yanzu yana hannun ƙaramin ɗanta, wanda ya iya fiton kwanta-rafi sarai, bai kuwa taɓa ganinsa ba.