Kare Ba Ya Tofar da Kaki

Tarin ya soma ne a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke rufe Unguwar Boro har mai tafiya a titin Kachia ba ya hangen abin da ke gabansa. Mai karen dattijo ne, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, wanda ya koma kiwon kaji a bayan gidansa tun da aiki ya tsaya. Karen ne mai gadin kajin, kuma kajin ne abincin gidan. Da farko ya ɗauka ƙura ce, za ta wuce. Hunturu ya tafi, tari bai tafi ba.

Ya yi abin da maƙwabta suka saba yi. Ya sayo ƙwayoyin kashe bakteriya a kemis, ya tura su cikin tuwo. Da ba su yi ba, wani mai yawo da jakar allura ya zo sau uku, kowane zuwa da kuɗinsa. Kare ya rame, haushinsa ya koma shaƙe, da dare sai a ji shi yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa.

Likitan dabbobin da ya je wa a ƙarshe matashiya ce, ɗaya daga cikin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke yayewa. Ta saurari ƙirjin, ta sa aka ɗauki hoto. Zuciya lafiya lau, amma huhu ya yi hazo.

"Baba, hoto ya nuna mana inda ciwon yake, bai faɗa mana ko mene ne ba," in ji ta. "Sai mun wanko huhun mun duba."

"Likita, huhu kuma ake wankewa?"

Tambayar tana kan hanya. Mutum idan ana zargin tarin fuka, sai a miƙa masa kwalba ya tofa kaki. Kare kuwa haɗiye nasa yake yi, kuma abin da aka lakato daga bakinsa cike yake da ƙwayoyin da ba ruwansu da huhu. Saboda haka dole likita ya je ya ɗebo da kansa. A babban kare, ana ba shi maganin da zai kwantar da shi, a aske wuyansa, a kashe zafin wurin, sannan a zura siririn bututu ta maƙogwaro zuwa ƙasa. A tura ruwan gishiri mai tsabta kaɗan, kare ya yi tari, a zuƙo ruwan da sirinji. Ƙaramin kare akan sa shi barci ne a bi ta baki. Inda akwai kayan aiki, ana shiga da bututu mai kyamara har cikin rassan huhu. Ba duk ruwan ke dawowa ba. Jiki ne ke shanye sauran. Aikin yana da haɗarinsa, musamman ga karen da numfashi ya riga ya yi wa wuya, shi ya sa ake ajiye iskar oksijin a kusa.

Ɗan ruwan nan mai gurɓi shi ne shaida. A ƙarƙashin madubin awo, huhu mai lafiya yakan nuna yawanci ƙwayoyin da aikinsu share datti. Idan aka ga fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi sun cika, da bakteriya a cikin cikinsu, to nimoniya ce, sai a raini ƙwayar a ɗakin gwaji na 'yan kwanaki a ga maganin da ke kashe ta. Idan kuma wani nau'in da ake kira iyosinofil ne ya yi yawa, hankali sai ya koma kan tsutsar huhu ko borin jiki ga wani abu da kare ke shaƙa. Muhimmancin bambancin shi ne magungunan biyu kishiyoyin juna ne. Maganin da ke kwantar da kumburi yana rage garkuwar jiki, don haka ba shi ga mai nimoniya ganganci ne. Maganin bakteriya kuwa ga wanda ba shi da ita asarar kuɗi ce, kuma horo ne ga ƙwayoyin cuta su koyi taurin kai, a gidan da kare da kaji da jikoki ke tsakar gida ɗaya.

Sai da aka dakatar da duk magunguna na kwanaki kafin a yi gwajin, don kada su ɓoye gaskiya. Sakamako ya fito: iyosinofil fal, bakteriya babu. Likita ta rubuta maganin tsutsa da na kumburi, ta ce a daina ƙona shara kusa da inda kare ke kwana, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara.

Dattijon ya zauna a kan benci ya yi lissafi da yatsu. Abin da ya kashe a kemis da wurin mai allura ya fi kuɗin gwajin da ya yi ta jin tsoronsa. Mako biyu bayan haka, can cikin dare, haushi ya tashe shi daga wajen akurkin kaji. Ya saurara sosai, bai ji tari ya biyo baya ba, sai ya ɗauki tocila ya fita.