Ɗinya Da Ƙasar Da Ta Sha

Uwargida, in kin sami sarari wata rana da kaka, ki bi Titin Zariya har Gyaɗi-Gyaɗi, ki karya ki shiga kasuwar Tarauni. Can za ki iske ɗinya a faifai, baƙa wuluk, amma ba duka ne ɗaya ba. Wata manya ce mai tsoka da zaƙi, wata kuwa ƙanana, duk ƙwallo. To, mene ne ya raba su?

Ƙasa ce da ruwa. Ita ɗinya itaciyar fadama ce, tana son wuri mai laima inda saiwarta za ta kai ga ruwa. Wadda ta tsiro bakin rafi ita ke yin 'ya'ya jingim masu nama. Ta kan tudu, inda ƙasa ke saurin bushewa, 'ya'yanta kaɗan ne, kuma a tsamure. Haka nan damina tana da nata hukunci. In ruwa ya ɗauke sa'ad da 'ya'ya ke ƙanana, sai su kakkaɓe tun ba su ƙosa ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda itatuwa suka sha wuya a ƙasar Kano.

Dattawan unguwa za su gaya miki nan wurin dā gonaki ne. Yau sai gidaje da kantuna, ga babban Asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Inda siminti ya rufe ƙasa, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya bi kwata ya wuce. Shi ya sa ɗinyar da kike gani daga ƙauye ake kawo ta.

In za ki saya, ki zaɓi wadda ta ƙosa a uwarta. Wadda yara suka jefo ɗanya, ko an rufe ta a tukunya ta yi baƙi, zaƙinta ba ya kaiwa, maɗinta ma salam.

Kada ki raina wannan itaciya. Ita ke ba mu maɗi da alewa, ga ɗinkin na kwaɗo. In akwai ta a gonarku ta gado, ki roƙi maigida kada a sa mata gatari, gama sara na yini guda ne, girma kuwa sai shekaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.