Ribeirao Preto, Garin Da Rake Ya Kori Shanu

Wanda ya tashi daga birnin Sao Paulo na ƙasar Birazil ya nufi arewa, in ya yi tafiyar wajen mil 200 zai iske wani gari wai shi Ribeirao Preto. Tun kafin mu isa muka kutsa cikin rake. Dama rake, hagu rake, iyakar ganin ido. Ba bukka, ba garke, sai manyan motoci suna ta jida.

Ƙasar wurin ja ce jawur, ga albarka. A da gahawa ce arzikin garin, har kasuwarta ta faɗi a 1929. Da man fetur ya yi tsada a 1973, sai gwamnati ta kafa shiri a 1975 na tatsar man mota daga rake. A 2003 kuma aka fito da motoci masu shan fetur ko man rake, wanda direba ya ga dama. Nan fa gonakin rake suka yi ta faɗaɗa.

Garin kam ya samu, don ga dogayen benaye, ga asibitoci, ga jami'a. Amma sai mutum ya fita ƙauye zai ga abin da aka bayar a madadinsu. Ƙananan manoma da yawa sun ba masu masana'anta hayar gonakinsu sun koma birni, inda suke sayen waken da suke nomawa a da. Makiyaya ta koma gonar rake. Shanunsu, farare masu tozo kamar namu, an yi ta gusawa da kiwonsu zuwa jihohin Mato Grosso da Para, inda ake sare daji a shuka ciyawa.

Ko 'yan ƙodago ba su tsira ba. Dubbansu ne a da ke saran rake da adda, bayan an ƙone ganyen. A 2007 gwamnatin jihar ta yi yarjejeniya da masu masana'anta a bar ƙona rake. Hayaƙi ya ragu, amma injin girbi ɗaya ya karɓe aikin mutane masu yawa.

To, jama'a, man rake ya rage wa Birazil sayen fetur daga waje, wannan ba musu. Sai dai duk ƙasar da ke sha'awar wannan hanya ta fara tambaya tukuna: ina manomi zai koma, ina kuma saniya za ta yi kiwo?